Kunamar da ba ta da ƙari ba ta da ido, amma ta tsayar da gini a Teksas

Malam Sani, Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina shirya wa 'yan aji biyar darasi kan dangin gizo-gizo sai na sake cin karo da wata halitta da na daɗe ina son kawo mana nan. Masana suna kiran danginta Pseudoscorpiones, ma'ana kunamar ƙarya. In ka dube ta ta gaba kunama ce sak, ƙafafu takwas da hannuwa biyu kamar awartakin maƙeri. In ka zagayo baya sai ka tarar ba wutsiya ba ƙari, gindi ne kawai a dunƙule irin na kaska. Irinsu sun haura 3,000 a duniya, yawancinsu tsakanin milimita 2 da 8.

Wadda ta ɗauki hankalina sunanta Tartarocreagris texana. Tsawonta kamar milimita 4, wato ƙwayar dawa guda. Ba ta da ido ko ɗaya. Duk faɗin duniyar nan ba a san ta ko'ina ba sai a wasu 'yan koguna a gundumar Travis, gefen birnin Austin na jihar Teksas a Amurka, kuma da sunan ɗaya daga cikinsu ake kiranta, Tooth Cave, Kogon Haƙori ke nan. Wani masani William Muchmore ne ya bayyana ta ga duniyar ilimi a 1969. A watan Satumba na 1988 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, tare da wasu ƙwarin kogo huɗu na yankin. Daga ranar, mai fili a wurin ba shi da ikon rushe mata gida sai da izini. Tambayata: wannan adalci ne ko ɓata lokaci?

Ɗan Auta:
Malam, ba ta da ido kuma a koguna take? To da me take iyo?

Malam Sani, Zariya:
Kai Auta, jam'in kogo nake nufi ba na kogi ba. Jam'in kalmomin biyu ne ya zo ɗaya. Daga yanzu zan riƙa cewa kogunan dutse.

Maman Ummi:
Ni dai duk abin da aka ce masa kunama, ta gaskiya ko ta ƙarya, takalmi ne tsakanina da ita. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ina amarya kunama ta harbe ni cikin buhun gawayi, har gobe sai na buga buhu kafin in sa hannu.

Alhaji Mai Filaye:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara 20 ke nan ina harkar fili. Mutum ya tara kuɗinsa, ya sayi wuri da takarda, ya biya haraji, rana tsaka a zo a ce masa dakata, akwai makahon ƙwaro a ƙarƙashin ƙasarka? Wa ya gan shi? Me yake tsinana wa mutane? Da zuma yake yi ko da magani ake haɗawa da shi sai in ce to. Wannan ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa.

Barista Hadiza:
Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa kusan shi masu filin suka faɗa a kotu, sai dai su da harshen lauyoyi. Shari'ar sananniya ce ga duk wanda ya karanta dokar muhalli ta Amurka: kamfanin GDF Realty da abokansa suka kai ƙarar sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin, Gale Norton. Filin eka 216 ne, an saye shi tun 1983, kafin a sa ƙwarin cikin jeri, kuma a bakin mahaɗar manyan hanyoyi biyu yake, wurin da kowane ɗan kasuwa zai yi sha'awa.

Hujjarsu tana da kaifi. Tsarin mulkin Amurka ya ba majalisar tarayya ikon tsara cinikin da ke tsakanin jihohi, kuma a kan wannan ikon dokar kare halittu ta 1973 ta jingina. Sai suka ce to, wannan ƙwaro ba ya fita Teksas, ba ma ya fita kogonsa, ba a saye ba a sayarwa, ina ruwan tarayya da shi? A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta ce ba a duban ƙwaro ɗaya shi kaɗai, ana haɗa shi ne da dukkan halittun da dokar ke karewa, kuma in aka haɗa, abin ya shafi tattalin arzikin ƙasa. A 2005 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, magana ta tsaya nan.

Amma kada a ɗauka duk alƙalan bakinsu ɗaya. Da aka nemi cikakken zaman kotun ya sake duba hukuncin, wasu alƙalai sun rubuta rashin amincewarsu da zafi. Kenan Alhaji yana da 'yan uwa har a kan kujerar shari'a.

Alhaji Mai Filaye:
Allah ya yi wa waɗannan alƙalan albarka. Barista, 1983 aka saya, 1988 aka kawo doka. Ko a kasuwar ƙauye ba a canja farashi bayan an sallama.

Barista Hadiza:
Nan kam ina tare da kai rabi. In al'umma ce ke son a ajiye wuri, al'umma ya kamata ta ɗauki nauyi, ba a jibga wa mutum ɗaya ba. Shi ya sa a 1996 birnin Austin da gundumar Travis suka shiga wani shiri da ake kira Balcones Canyonlands: ana tara fili mai yawa a keɓe, wajen eka dubu 30, don waɗannan ƙwarin da wasu tsuntsaye biyu, mai son gini a wani gefen kuma ya biya kuɗi ya sami izini cikin sauƙi. Bai gamsar da kowa ba, amma ya fi a bar mutum da takardar fili yana kallo.

Alhaji Mai Filaye:
To ni ga sulhu mai sauƙi. Bakin kogon nan nawa ne faɗinsa? A zagaye shi da katanga, a sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, a bar wa ƙwaron kogonsa, mai fili ya yi gininsa a saura. Kowa ya samu.

Malam Sani, Zariya:
Alhaji, ka kawo mu daidai inda nake so mu zo. In aka yi yadda ka ce, an kashe ta ke nan, sai dai a hankali, kuma ba wanda zai ga gawa.

Cikin kogo ba rana, saboda haka ba ciyawa ba ganye, ba abin da ke tsirowa. Duk lomar da ake ci a can ƙasa daga sama ta zo. Ruwan sama yana shigo da busasshen ganye da ɓawon itace. Saiwar bishiya tana ratsa tsagar dutse. Amma babban mai kawo cefane shi ne gyaren kogo. Da rana yana maƙale a rufin kogon, da dare ya fita kiwo a daji, kafin gari ya waye ya dawo. Kashinsa, ƙwansa da gawarsa su ne abincin gidan. Funfuna ta tsiro a kan kashin, wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da 'yan mitsi-mitsin dangin kaska su ci funfunar, ita kuma kunamar ƙaryar tana laɓe ƙarƙashin dutse tana jiran su. A wannan ƙaramar duniyar ita ce kura.

Masu bincike a Teksas sun shafa wa gyaren fenti mai ƙyalli suka bi shi da fitila cikin dare, suka tarar yana kai wa mita 105 daga bakin kogo. In ka shimfiɗa kwalta da siminti a wannan da'irar, gyare ya fita ya rasa abin ci, ko ya ragu ko ya ƙare. Ka ga an bar mata ɗaki an kwashe rumbu.

Sannan ga danshi. Iskar cikin kogon kusan jiƙe take sharkaf, zafinta kuma yana nan wajen digiri 20 rani da damina. Fatar halittar da ta saba da haka ba ta iya riƙe ruwa, in wuri ya bushe kaɗan sai ta ƙafe. Dutsen yankin na farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina da Ashaka ana siminti. Ruwan sama yana cin irin wannan dutse sannu a hankali shekaru dubbai, sai cikinsa ya zama kamar soso, rami na buɗewa cikin rami. Abin da mutum ke iya shiga shi muke kira kogo, amma ita tsagar da yatsa ba zai shiga ba ma titi ce a wurinta. In ka kau da hanyar ruwa a sama ka busar da ƙasa. In ka bar ruwan kwata da man mota da maganin feshi suka gangara, kai tsaye suke zuwa, domin irin wannan dutse ba ya tace ruwa yadda yashi ke yi.

Alhaji Mai Filaye:
Bari in yi lissafi irin namu. Da'irar mita 105 daga bakin kogo ta kowane gefe, hekta uku da rabi ke nan. In ka yanka shi hamsin-da-ɗari, fuloti saba'in da 'yan kai. Fuloti 70 saboda gyare ya yi kiwo! Malam, ka ƙara mini ƙarfin hujja ne ba ka rage ba.

Habu, Teksas:
Salam. Na daɗe ban ce komai ba a gidan nan amma yau an zo unguwarmu. Ina bin hanyar nan ta 620 in zan je wajen aiki, mahaɗarta da hanyar 2222, inda filin shari'ar nan yake, ita ake kira Four Points. Baba Alhaji, in ka ga wurin ba za ka ce an hana gini ba. Kantuna ne, gidajen haya, cunkoson mota safe da yamma. Sai tsakanin gine-ginen ka ga wani yanki na daji da shinge, bishiyoyi gajeru da fararen duwatsu. Yawancin masu wucewa ba su san me ke ƙarƙashinsa ba. Ni ma sai da na shekara biyu ina wucewa kafin wani abokin aiki ya gaya mini.

Kuma kada ku zaci kogo irin na fim mai fitilu da matakala. Da yawansu rami ne kawai a ƙasa, in ba a nuna maka ba sai ka taka gefensa ka wuce.

Abin da Malam bai ambata ba shi ne jajayen cinnaku. Wallahi wannan bala'i ne da ni kaina na ɗanɗana, na tsaya a kan gidansu da silifas ranar da muka je cin abinci a fili. Asalinsu daga Kudancin Amurka ne, jirgin ruwa ya shigo da su ta tashar Mobile a jihar Alabama wajen shekarun 1930, suka bazu duk kudancin ƙasar. Suna son wurin da aka share aka tone, wato duk inda gini ya je suna biye. Suna cinye abincin da gyare zai ci a waje, suna cin gyaren kansa, suna shiga kogon in zafi ya yi yawa su kama abin da suka samu.

Maman Ummi:
Cinnaka ba ka san na gida ba! To Habu ba sai a yi musu feshi ba?

Habu, Teksas:
Ba dama, Mama. Maganin da zai kashe cinnaka zai kashe gyare, ya kuma bi ruwa ya sauka kogon. Saboda haka kusa da bakin kogo tafasasshen ruwa ake zuba wa gidajensu. Ma'aikata ne ke zagayawa suna neman tulin ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Auta:
Tsaya. A kashe dubban cinnaku da ruwan zafi don a ceci kunamar bogi guda nawa? Su ba rai gare su ba? Ni na taso ina jin hadisin annabin da tururuwa ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa magana a kai.

Baba Mai Gafaka, Damagaram:
Yaro ya yi tambaya mai kyau, kada a yi masa dariya. Hadisin yana nan a Bukhari da Muslim. Malamai kuma sun yi magana a kan abin da ke cutarwa, cewa ana kawar da shi gwargwadon cutarsa, sun kuma yi magana a kan hanyar da ake bi. Wannan a kai wa malaman fiƙihu, ba ni ba. Amma Alhaji, ƙanena, kai da ka ce me take tsinanawa, ka tuna a Suratul An'am an gaya mana dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Ba a ce sai masu yi mana zuma ba.

Abin da ya sa na sa baki dabam ne. Malam Sani, wannan halitta da ka siffanta, na san abin nan. Ina yaro in muka buɗe tsofaffin littattafan mahaifina da ke cikin gafaka, mukan ga wani ɗan abu ja-ja, shimfiɗaɗɗe, da hannuwa biyu a buɗe, in ka kai masa tsinke sai ya ja da baya da sauri. Muna ce masa ɗan kunama, muna murƙushe shi kada ya girma ya harbe mu.

Malam Sani, Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Yadda ka siffanta shi, ɗan uwanta ne na cikin gida, kuma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Chelifer cancroides, ya bi mutane kusan ko'ina a duniya. Ba ya girma ya zama kunama, iyakarsa ke nan. Kuma Baba, mai gadi kuka riƙa kashewa: abincinsa ƙananan ƙwarin da ke cin takarda da manne littafi ne. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya ambaci wani abu mai kamar kunama marar wutsiya da ake samu a cikin littattafai.

Baba Mai Gafaka, Damagaram:
Innalillahi. Ashe ɓarawo muka bari muka kashe dogari.

Maman Ummi:
Malam ka ce ba ta da ƙari. To da me take kashe abin da za ta ci? Kada ka lallaɓe ni in sa hannu.

Malam Sani, Zariya:
Hajiya, gaskiya tana da dafi, amma a yatsan awartakin yake ba a wutsiya ba, kuma na kashe abin da bai kai kan allura ba ne. Ba ta iya huda fatar mutum. In ta damƙe ƙwaro ta sa masa dafi, sai ta zuba masa ruwan narkarwa ta tsotse, ta yar da ɓawon.

Ido kuwa ba ta buƙata. A kan yatsun akwai wasu dogayen gashi siriri da ke jin motsin iska, ko ɗan ƙwaro ya gifta ta sani. Na kogo hannuwansu da ƙafafunsu sun fi na waje tsawo da sirantaka, kamar makaho da doguwar sanda. Wani abin mamaki kuma, tana saƙa kamar gizo-gizo, sai dai zaren daga bakinta yake fita. Da shi take ɗinka ɗan ɗaki ta shige in za ta yi saɓa ko za ta yi goyo. Uwar tana ɗauke da ƙwanta a wata jaka a ƙarƙashin ciki tana ciyar da su daga jikinta, 'ya'yan kuma sai sun yi saɓa sau uku bayan fitowa kafin su balaga.

Maman Ummi:
Har da goyo? To ta ɗan shiga raina kaɗan. Kaɗan fa na ce.

Ɗan Auta:
Malam, zaman duhu ne ya makantar da ita? Kenan in aka fito da ita rana 'ya'yanta za su yi ido?

Malam Sani, Zariya:
A'a. Ba ita ce ta makance ba, haka aka haife ta, haka aka haifi kakanninta na nesa. Abu ne na zuriya bayan zuriya. A waje, wanda aka haifa da raunin ido ba ya daɗewa. A cikin duhu kuwa raunin ido ba ya rage masa komai, ƙila ma riba ce, domin ido yana cin abinci kuma abinci ya yi ƙaranci a can. A haka har idon ya tafi gaba ɗaya. Dangin nan tsoho ne ƙwarai, an sami burbushinsu a duwatsun jihar New York masu shekara wajen miliyan 380, kuma siffar ba ta canja sosai ba.

Wannan ne ma ya sa ba ta da wurin gudu. 'Yan uwanta na waje suna da dabara: su damƙe ƙafar ƙuda ko buzuzu ya tashi da su zuwa wani wuri, hawa kyauta. Ita kuwa iyakar duniyarta iyakar dutsen da take ciki. Inda kwari ya yanke dutsen, nan ƙasarta ta ƙare. Shi ya sa tudu ɗaya kan sami irin nasa da babu a tudun da ke kallonsa.

Alhaji Mai Filaye:
Duk na ji, kuma na ƙaru, musamman zancen gyare. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini. In ta ƙare gobe, wa zai yi asara? Baba ya kawo aya, na karɓa hannu biyu. Ban ce a bi ta a kashe ba. Cewa na yi mutum da iyalinsa sun fi ta.

Barista Hadiza:
Ba wanda ya ce ba su fi ta ba, Alhaji. Amma ba asibiti aka hana ginawa don ita ba, kantuna da gidajen haya ne, kuma Habu ya shaida an gina su a gefe. Kanti in an hana shi nan zai koma gaba kaɗan. Ita ba ta da gaba kaɗan.

Habu, Teksas:
Kuma Baba Alhaji, akwai inda abin ya dawo kan mutum. Irin wannan dutsen mai ramuka, da ake kira Edwards, shi ne ke riƙe ruwan da birnin San Antonio ke sha a kudu da mu. Ban ce ruwan Kogon Haƙori ne ke zuwa famfonsu ba, amma ɗabi'ar dutsen ɗaya ce: abin da ka zubar a sama shi za ka ɗebo a ƙasa. Mutanen nan sun san haka, shi ya sa ko wanda bai damu da ƙwaro ba yakan kasa kunne in aka ce za a yi gini a kan ramuka.

Alhaji Mai Filaye:
To a ce don ruwa ne mana, kowa zai gane. Ni matsayina bai canja ba: mai son ƙwaro ya sayi filin a farashin kasuwa, ya biya lakadan. In an biya, ko ƙadangare za a ajiye a ciki ba ruwana.

Barista Hadiza:
Ka lura dai daga "ƙoshi ne ya yi musu yawa" mun iso "a biya lakadan". A kotu wannan sulhu muke ce masa.

Alhaji Mai Filaye:
A kasuwa kuma tayi muke ce masa, ban sallama ba tukuna.

Ɗan Auta:
Malam, a nan gida ina zan ga irinta? Ba ni da gafaka.

Malam Sani, Zariya:
Ɗebo ruɓaɓɓen ganye mai danshi daga gindin mangwaro ko ƙarƙashin tsohon icce, ka zuba a rariya ka girgiza a kan farin tire. Ka jira minti biyu kada ka taɓa. Suna yin lamo kamar sun mutu, sai ƙura ta lafa su miƙe hannuwa su fara tafiya. Ka duba ƙarƙashin ɓawon bishiya ma, da tsohon akurkin kaji. Waɗannan na waje ne, yawanci da idanunsu. In ka samu ka ɗauki hoto kusa da ƙwayar shinkafa don mu ga girman, sannan ka mayar da ganyen inda ka ɗebo.

Maman Ummi:
Jama'a, na sa Ummi ta gwada da rariyar tuwo. Tururuwa muka samu da wata tsutsa da abu ɗaya mai hannuwa da ya ruga da baya ya shige tsagar tiren kafin in lalubo waya. Yanzu rigimar da ake a gidan ita ce wa zai wanke rariyar, don ni dai ba zan tankaɗe garin dare da ita haka ba.

Baba Mai Gafaka, Damagaram:
'Yata, ki ba ta toka da ruwan zafi. Ni kuma gobe in Allah ya kai mu zan sa jikana ya sauko mini da gafakar daga saman kabad, mu ga ko dogarin ya bar zuriya.